Nazarin Lamari: Gidan Fatake a Kano da Ya Shekara 70 Bai Raba Gado Ba

Gidan da zan ba da labarinsa yana cikin birnin Kano, a ɗaya daga tsofaffin unguwannin fatake da ke tsakanin kasuwar Kurmi da dutsen Dala. Ba zan kama sunan gidan ko na kowa a cikinsa ba, haka muka yi alkawari. Ni ba jininsu ba ne. Mahaifina ya yi karatun allo a zaurensu, maƙwabtaka ta ɗore, kuma da yake ba ni da ko taku ɗaya a cikin gadon sai aka ɗora mini riƙe alƙalami lokacin da suka tashi neman salsalarsu.

Asalin gidan, kafin 1954

Mutanen gidan Agalawa ne. Masana tarihi sun nuna cewa kakannin Agalawa da Tokarawa daga ƙasar Azbin suka gangaro, daga cikin Buzaye, suka zazzauna a garuruwan ƙasar Katsina da Kano, har suka zama su ne gaba a fataucin Gwanja tare da Kambarin Barebari. Su ne masu ɗaukar kanwa da tufafi da fata a kan jakuna, su yi tafiyar watanni har Salga, a ƙasar Gana ta yau, su komo da huhunan goro. Mutumin da ya kafa gidan nan, wanda zan riƙa kira Maigida, yana yaro ya fara bin ayari tare da mahaifinsa. Ya tarar da ƙarshen wannan zamani ne, domin yaƙin basasar Salga na 1892 ya tarwatsa kasuwar garin, Turawa suka ci Kano a 1903, jirgin ƙasa kuma ya iso a 1911 ya fara jigilar kaya a 1912. Daga nan goro ya koma biyowa ta Ikko, gyaɗa ta zama abar nema. Maigida ya shiga sayen gyaɗa a ƙauyuka yana kai wa manyan dillalai, bai kuma saki goro ba, sai ya tura babban ɗansa Kumasi ya zauna a zango yana yi masa lodi.

Bai kai sahun Alhassan Ɗantata ko Umaru Sharubutu Koki ba, amma a unguwarsu attajiri ne. Ya bar babban gida mai zaure biyu, da rumfuna 3 a Kurmi, da gona a hanyar Madobi.

Akwai abin da ya kamata mai karatu ya riƙe tun yanzu. Gidan attajiri a Kano ya fi zuriyarsa faɗi. A ciki akwai 'ya'yan cikinsa, da 'yan riƙo, da agololi, da yaran gida masu tsaron rumfa da awon gyaɗa, da waɗanda iyayensu suka shigo gidan a matsayin bayi kafin dokar Turawa ta 1901 da ta 1936 su kawo ƙarshen wannan hali. Dukansu a waje sunansu ɗaya, ɗan gidan wane. A tukunya ɗaya suka ci, Maigida ne ya yi musu aure, wasu ma da sunansa aka rubuta su a makaranta.

1954 zuwa 2023: gadon da aka jingine

Maigida ya rasu a 1954, 'yan watanni bayan rasuwar Sarkin Kano Abdullahi Bayero, wanda tsofaffi ke kira Sarki Alhaji. Ba a raba gado ba. Ɗa na biyu, wanda ke gida, ya ce raba dukiya tarwatsa kasuwanci ne, kowa ya ci gaba da zama a sashensa, a ci gaba da juya jari tare. Ƙannensa yara ne, matan kuma ba su da bakin musu da shi. A cikin shekarar ne kuma babban ɗan da ke Kumasi ya rasu.

A Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta Gana ta kafa dokar korar baƙin da ba su da takardun zama. Wasu daga 'ya'yan babban ɗan suka komo Kano da 'yan ƙunshinsu, suka sauka a zauren kakansu. An karɓe su, an ba su abinci, amma ba a ba su ɗaki ba. Baffansu ya ce ubansu ya riga Maigida rasuwa, don haka ba su da gado. Suka kama haya a wajen gari. Daga ranar zumunci ya koma na gaisuwar mutuwa da ɗaurin aure kawai.

Gyaɗa ta mutu a shekarun 1970, jarin haɗin gwiwa ya narke, kowa ya kama sana'arsa. Gida da rumfuna da gona suka zauna da sunan mamaci.

Yulin 2023: abin da ya ta da maganar

Gari ne ya ci gonar. Inda ake shuka dawa a da, yanzu gidaje sun kewaye shi, dillalan filaye suna ta zarya. Bayan Babbar Sallah wani mai saye ya zo da tayi mai tsoka, amma lauyansa ya ce ba zai biya ba sai ya ga jerin magada da sa hannun kowa. Aka kira taro a zaure. A nan aka gane cewa a cikin 'ya'yan Maigida mutum ɗaya ce ta rage a raye, tsohuwa mai shekara 80 da wani abu, kuma babu wanda zai iya lissafo 'ya'yan Maigida ba tare da wani ya ce masa ya ƙara ko ya rage ba. Wani ya ce 11, wani ya ce 12, wani ya rantse 14 ne.

Aka kafa kwamiti na mutum 5, duka maza, aka ba ni rubutu.

Agusta zuwa Oktoban 2023: neman sunaye ta waya

Matasan gidan suka buɗe zaure a WhatsApp, aka ce kowa ya turo sunansa da na ubansa da na kakansa har ya dangana da Maigida. Cikin wata biyu sunaye suka haura 400. Na zauna in jera su, na kasa.

Dalili na farko suna ne. A gidan nan duk ɗan fari namiji sunan Maigida ake sa masa, sai a sakaya shi da Abba ko Baffa ko Baba saboda alkunya. Na sami mutum 9 masu suna ɗaya da sunan uba ɗaya, kuma jikokinsu da laƙabi kawai suka san su. Na biyu, sunan da mutum ke ɗauke da shi a takardar makaranta sau da yawa na unguwa ne ko na wanda ya riƙe shi. Na uku, kusan babu wanda ya turo sunan kakarsa mace. Ana tambaya sai a ce Hajiya Babba, ko Iya, ko Gwaggon Bebeji, shi ke nan.

Sannan rigima ta shiga. Jikokin Kumasi suka turo nasu sunayen, wani ya rubuta cewa ba su da hurumi, aka yi ta jifan juna da maganganu har dattawa suka sa aka rufe zauren a watan Oktoba.

Nuwamban 2023 zuwa Fabrairun 2024: kirari, takardun Turawa, gwajin jini, kotu

Wani dattijo ya kawo shawarar a kira tsohon maroƙin gidan, tunda shi ke jero kakanni a wurin biki. Ya zo, ya jero, jikin kowa ya yi sanyi don daɗi. Amma kirari na maza ne masu suna. Ya tsallake duk wanda ya mutu yana matashi ko ya mutu ba shi da komai, bai ambaci mace ko ɗaya ba, ya kuma haɗa gidan da gidan Ɗantata ta wata hanya da babu wanda ya iya tabbatarwa.

A nan zan ɗan tsaya, domin wannan buri na jingina da babban gida na ga yana cin mutane da yawa. Salsalar Ɗantata sananniya ce saboda an rubuta ta. An haifi Alhassan a Bebeji a 1877, ya rasu a Kano a 1955. Mahaifinsa Abdullahi, kakansa Baba Talatin, Agalawa ne da suka taso daga ƙasar Katsina. 'Ya'yansa sun haɗa da Sanusi, wanda ya rasu a 1997, da Aminu, wanda ya rasu a Yunin 2025. To amma ko a wannan gida, sunan da duniya ta sani daga Tata ya fito, matar da ta rene Alhassan. Aliko Dangote kuma, da aka haifa a 1957, ta wajen mahaifiyarsa Hajiya Mariya, 'yar Sanusi, ya haɗu da gidan. Wanda ya bi sunan maza kaɗai ba zai ga ko ɗaya daga cikin waɗannan biyun ba. Na faɗi haka a taron kwamiti, ba a ɗauka ba a lokacin.

Mutum biyu suka tafi Kaduna duba takardun zamanin Turawa. Sun ga rahotannin haraji da sunayen hakimai da dagatai da manyan dillalan kamfanoni. Attajirin unguwa irin Maigida ba ya cikin abin da Bature ya damu ya rubuta, balle 'ya'yansa mata. Suka komo bayan kwana 4 hannu wofi.

Wani jika da ke aiki a ƙasar waje ya ce a yi gwajin jini, shi zai biya. Malamin da muke tuntuɓa ya ce a shari'a ɗa na mai shimfiɗa ne, da aure ake tabbatar da nasaba, kuma buɗe wannan ƙofa a kan matattu fitina ce. Ya ƙara da cewa ko an yi gwajin, jini ba zai faɗi wanda ya riga wani mutuwa ba, alhali nan ne gizo ke saƙar.

A Fabrairu wasu suka gaji, suka kai ƙara kotun shari'ar Musulunci. Alƙali ya saurare su, ya ce ba a raba gado sai an tabbatar da mutuwa, an ƙididdige magada, an tabbatar da dukiya. Ya ba da lokaci a je a kawo jerin magada da shaidu. Muka komo inda muka faro, sai dai yanzu mun san ainihin abin da ake nema.

Malamin ya zaunar da mu ya warware mana shi. Gado irin wannan, wanda magada suka yi ta mutuwa kafin a raba, malaman mirasi suna kiransa munasaha. Sai an raba na mamacin farko, sannan a ɗauki rabon kowane magaji da ya mutu a sake rabawa ga waɗanda suke raye ranar da ya mutu, haka har a iso ga masu rai. Don haka sanin wane ya haifi wane bai wadatar ba, dole a san wa ya riga wa. A mazhabar Malikiyya jikan da ubansa ya riga kakansa mutuwa ba ya gado idan akwai ɗa namiji a raye. Kwana ɗaya tak tsakanin mutuwa biyu yana iya shigar da zuriya guda ko ya fitar da ita.

Afrilu zuwa Mayun 2024: zama da tsofaffin mata

Bayan Ƙaramar Sallah aka ƙara mata 2 a kwamiti, muka sauya tambaya. Muka daina cewa a lissafo mana 'ya'yan Maigida. Muka koma ɗaki-ɗaki: matar fari su wa ta haifa, wa ke bin wa, wa aka kai yaye wurin wa, wa ya riƙe wa.

Tsohuwar da ta rage, wadda kowa ke kira Gwaggo, mun zauna da ita sau 7, kullum da hantsi kafin ta gaji. Tana zaune a kan buzu a ƙofar ɗakinta, da ɗan mazubin goro da abin gurza shi a gefe, domin haƙora sun tafi. Ba ta san shekara ko ɗaya da lamba ba. Amma in ta ce wance an yi mata aure ana gobe Sarauniya za ta zo Kano, mun san 1956 ke nan. In ta ce wane ya rasu Sarki Sanusi bai bar gari ba, mun san kafin 1963 ne. Sunan babban yayanta ba ta taɓa kamawa ba, sai dai ta ce Yaya na Kumasi.

Ita ta warware mana 11 da 12 da 14. Maigida ya rasu ya bar matan aure 3 da sa-ɗaka ɗaya. 'Ya'yan cikinsa da suke raye a farkon shekarar 11 ne, maza 6 mata 5, biyu daga cikinsu na sa-ɗakar, kuma a shari'a rabonsu daidai yake da na sauran. Na 12 ɗan aminin Maigida ne da uban ya mutu a hanyar fatauci, aka kawo shi yana ɗan shekara uku, ya tashi a ɗakin uwargida. Sauran biyun 'ya'ya ne da suka mutu tun Maigida na raye.

Da na tambaye ta game da na 12, ta yi shiru ta ce, “Ɗan nan, Yaya ne fa. Shi ya kai ni ɗakin miji. Amma Baba bai haife shi ba, kuma shi ma ya sani.” Jikokinsa suna zaune a sashen gidan a lokacin da take wannan magana, ba su taɓa ji ba.

Ba mu tsaya a kanta kaɗai ba. Mun nemo wasu tsofaffi 3, matar wani ɗan Maigida, da 'yar wani yaron gida, da maƙwabciya, muka tambaye su a rarrabe, ba tare da wata ta ji ta wata ba. Inda biyu suka dace muka rubuta da tawada, inda ɗaya ce kawai muka rubuta da fensir.

Game da Kumasi, Gwaggo ta ce lokacin da labarin rasuwar Yaya ya iso, iyayensu mata suna cikin takaba, an riga an yi sadakar arba'in. Takaba wata 4 da kwana 10 ce, don haka tazarar ba ta da yawa. Sai dai ranar isowar labari daban, ranar mutuwa daban, kuma a 1954 saƙo daga Kumasi yana iya daɗewa a hannun fatake. Ɓangaren gida suka riƙe wannan, suka ce maganar Baffansu na nan.

Yunin 2024: takarda a cikin gafaka

Gwaggo ce ta tuna da adakar uwargida, wadda ke ƙarƙashin gado a wani ɗaki da aka mayar ma'ajiyar tarkace. Aka fasa kwaɗon. A ciki akwai tsofaffin tasoshi, da rasiɗan haraji, da littafin bashi da gara ta ci rabinsa, da gafaka mai ɗauke da Alƙur'ani rubutun hannu, warƙa-warƙa. A bayan warƙar ƙarshe Maigida ya rubuta haihuwar 'ya'yansa da Larabci, rana da wata, wasu da shekarar Hijira. Sunaye 13 ne, wato 11 ɗin Gwaggo da biyun da suka riga shi. Sunan ɗan riƙo ba ya ciki.

A tsakiyar warƙoƙin kuma muka sami takarda ninki huɗu, ta yi ja don tsufa, rubutun ajami. Wasiƙa ce daga Kumasi zuwa ga uwargida. Mai rubutun yana yi wa mahaifiyarsa da ƙannensa ta'aziyyar Maigida, yana cewa ciwo ne ya hana shi tasowa, yana kuma ambaton huhunan goro da ya aiko a yi sadaka. Wanda ya yi ta'aziyyar ubansa bai riga shi mutuwa ba.

Malamin ya karanta ta sau biyu a zaure, a fili. Babu wanda ya yi magana na ɗan lokaci. Wani dattijo daga ɓangaren gida, jikan Baffan da ya hana ɗaki a 1969, ya nemi a ba shi ya gani, ya juya ta, ya ce, “Allah gafarta Malam, wa zai shaida hannunsa ne?” Tambaya ce mai kyau. Jikokin Kumasi suka kawo wasu takardu 2 na cinikin goro da kakansu ya rubuta, waɗanda uwarsu ta taho da su. Malamai biyu masu sanin rubutu suka gwada, suka shaida hannu ɗaya ne. Malikiyya suna karɓar shaida a kan rubutun hannu, suna kuma karɓar shaidar ji a kan mutuwa da nasaba idan zamani ya yi nisa. Maganar Gwaggo da takardar suka tallafi juna.

Satumba zuwa Nuwamban 2024: rabo

Aka koma kotu da jeri da shaidu. Rabon farko an gina shi a kan kaso 408. Matan aure 3 suka raba tumuni, wato ɗaya bisa takwas, kaso 51, kowacce 17. Sauran 357 na 'ya'ya ne, namiji 42 mace 21. Rabon babban ɗan Kumasi ya kama kusan kashi 10 cikin 100 na dukiyar duka. Daga nan aka bi kowane kaso ana sake rabawa, aikin da ya ɗauki malamin da almajiransa biyu kusan wata biyu.

An sayar da gonar. Rumfunan Kurmi an yi musu kuɗi, masu zaune a ciki suka biya sauran. Babban gida an bar shi, aka ƙiyasta rabon kowa a takarda.

Zuriyar ɗan riƙo ba su da gado, kuma wannan ya yi musu ciwo ƙwarai. Gwaggo ta fara cewa ta bar musu rabonta na cikin gidan, jikokin Kumasi suka bi bayanta, wasu ma suka bi. Ba kowa ya yarda ba. Abin da aka tara ya isa ya rufe sashen da suke zaune, aka rubuta musu shi kyauta a gaban mai unguwa.

Abin da na gani

A ganina wata tara na farko sun tafi ne saboda muna neman suna, alhali shari'a jeri take nema: wa aka haifa a wane ɗaki, wa ya riga wa. Zauren waya ya ba mu abin da kowa ke so a ce shi ne. Maroƙi ya ba mu martabar gida. Takardun Turawa an yi su ne don haraji. Wannan jeri kuwa mata ne suka riƙe shi, domin su ne suka yi jego da yaye da takaba, kuma kwamitin farko bai ga dalilin zama da su ba. Takardar gafaka ita ta yanke hukunci, amma ba don Gwaggo ba da babu wanda zai san akwai adaka. Da ta rasu kafin mu je, da jikokin Kumasi sun rasa haƙƙinsu a karo na biyu.

Ban ɗora wa Baffan 1969 mugun nufi ba. Mai yiwuwa abin da ya ɗauka ke nan, tunda mutuwar biyu sun zo kusa da juna. Laifin da nake gani na jinkirin rabo ne, wanda ya bar magana mai nauyi haka a bakin mutum ɗaya har shekara 70.

Kaso 21 na nan ba a ba kowa ba. Na ɗaya daga 'ya'ya matan ne, wadda ta bi mijinta aikin Hajji ta ƙasa bayan rasuwar Maigida, suka tsaya a Sudan kamar yadda Hausawa da yawa suka yi, ba su komo ba. Gwaggo ta tuna an taɓa aiko da labarin ta haihu a wajen Wad Madani. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ya watsa mutanen wannan yanki, waɗanda muka aika wa saƙo ba su amsa ba tukuna. Kuɗin na ajiye a hannun amintattu biyu da kotu ta amince da su, sunanta kuma na cikin jerin da tawada, ƙarƙashinsa fili.